RA'AYI: Idan Fada ya yi tafiya, wa ke riƙe cocin Agadez?

Ranar da mahaifina ya rasu, a wani gari na ma'aikatan ma'adinai da ke arewacin jihar Agadez, babu limamin Katolika ko ɗaya a kusa. Fada ya tafi taro a kudu, tafiyar kwana biyu a mota, ga shi kuma a zafin Abzin gawa ba ta jiran kowa. Wani dattijo makanike, wanda yake koya wa yara addini ranar Lahadi, shi ya buɗe littafi ya ja mana addu'a. Maƙwabtanmu Musulmi su suka kama mana haƙa kabari, matansu suka kawo abinci kwana uku. Da Fada ya dawo ya yi mana Misa, ya zauna da mahaifiyata ya ba ta haƙuri, muka ji daɗi ƙwarai. Amma tun daga ranar nan na san cewa rayuwar cocinmu ta yau da kullum tana wuyan mutane irin wannan makanike.

Na kawo wannan labari ne saboda wata magana da nake yawan ji a bakin 'yan'uwana mabiya ɗarikar Katolika, a gida da kuma a zaurukan WhatsApp na waɗanda ke ci-rani: "Ba mu da limamai, a yi addu'a Allah ya turo." Addu'ar tana da kyau, ni ma ina yi. Sai dai ina ganin mun mayar da ita mafaka, muna fakewa da ita don kada mu ɗauki kayan da yake namu ne tun asali.

Yadda lamarin yake a ƙasa

Kiristoci a Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'umma ba, kuma 'yan Katolika wani yanki ne kawai na wannan ɗan kason. Dayosis biyu ne a ƙasar baki ɗaya, Yamai da Maraɗi. Ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2001, ita ta haɗa jihohin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Diffa da Agadez. Jihar Agadez ita kaɗai ta fi rabin faɗin Nijar. Daga birnin Agadez zuwa Arlit kusan kilomita 240 ne, kuma duk wanda ya bi hanyar ya san irin wuyar da take ba mota da mutum. Ballantana a yi maganar Dirku da Bilma, ko Assamaka da ke bakin iyakar Aljeriya. Limami ɗaya ko biyu ba za su taɓa ratsa wannan sarari duk mako ba, ko da an ba su jirgi.

Wannan coci kuma tun farkonta a hannun baƙi ta tashi. An buɗe mishan na farko a Yamai a 1931. Bishop na farko, Hippolyte Berlier, Bafaranshe ne, ya riƙe kujerar daga 1961 zuwa 1984, sannan ya komo nan Agadez ya ƙarasa rayuwarsa. A Cirozerin, Fada Jean Ploussard ne ya fara mishan a farkon shekarun 1960 da 'yar makaranta domin 'ya'yan Abzinawa, ya rasu a 1962 yana matashi. Sai a 2013 aka samu ɗan Nijar na farko da ya zama bishop, wato Laurent Lompo, wanda aka ɗaga zuwa babban bishop na Yamai a 2014. A Maraɗi kuwa, bishop na farko, Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina Faso ne, wanda ya gaje shi a 2024, Ignatius Anipu, ɗan Ghana ne. Ba na faɗin haka don raina kowa. Waɗannan mutane sun bar ƙasashensu sun sha rana da ƙura tare da mu, wasunsu a nan aka binne su. Amma Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne.

Kuma raɓar ta fara ɗaukewa. Turai da ta saba turo limamai yanzu ita ke neman aro. Tsaro ma ya sauya lissafi: an sace Fada Pier Luigi Maccalli ɗan Italiya a Bomoanga cikin Satumba 2018, bai samu kansa ba sai Oktoba 2020 a Mali. A cikin garin Agadez kansa an sace wata 'yar Austriya a Janairu 2025, aka sake sace wata 'yar Suwizalan a Afrilu. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 dangantaka da ƙasashen yamma ta yi tsami, sojojin Faransa sun fice a ƙarshen shekarar, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadez a Agusta 2024. Duk shugaban wata ƙungiyar mishan da zai turo ɗan'uwansa nan sai ya yi tunani sau biyu. Wanda yake jiran a dawo zamanin da Turawan mishan ke zuwa da mota da magani da kuɗi, zai daɗe yana jira.

Abin da yake na Fada, da abin da yake namu

Domin mai karatu wanda ba Kirista ba, ga yadda abin yake a taƙaice. A koyarwar Katolika akwai ayyukan da limamin da aka keɓe ne kaɗai ke yin su: jagorantar Misa, sauraren mai furta zunubansa, da shafa wa maras lafiya mai. Waɗannan ba a ba da aronsu, kuma ba ina neman a ba da ba. Sauran ayyukan kuwa da yawa doka ta buɗe ƙofarsu. Kundin dokokin coci na 1983 ya yarda katikis, wato mai koyar da addini, ya yi baftisma idan babu limami. Ya yarda bishop, bayan samun izinin da ake buƙata, ya wakilta mai bi na gari ya tsaya a ɗaurin aure inda babu limami. Sashe na 517 ya yarda a damƙa wa waɗanda ba limamai ba wani ɓangare na kula da ikilisiya idan an yi ƙarancin limamai, a ƙarƙashin kulawar wani Fada. Sashe na 537 kuwa ya wajabta wa kowace ikilisiya ta kafa kwamitin kuɗi wanda masu bi ke ciki.

Wannan ba sabon abu ba ne. Babban taron Vatikan na biyu, daga 1962 zuwa 1965, ya riga ya bayyana cewa aikin coci hakkin duk wanda aka yi wa baftisma ne. A Janairu 2021 Paparoma Francis ya buɗe wa mata hidimar karatu da ta taimako a bagade a hukumance, a watan Mayu na shekarar kuma ya mayar da aikin katikis hidima ta musamman da bishop ke naɗawa. Wato Roma ta ba da dama tun tuni. Mu ne muke tsaye a bakin ƙofa muna jiran a ce mana bismilla.

Tarihi ma yana gefenmu. Cocin Koriya masu bi na gari ne suka kafa ta a 1784, shekaru kafin a turo musu limami. A Japan Kiristoci sun riƙe addininsu a ɓoye fiye da shekara 200 ba limami, sai a 1865 suka bayyana a Nagasaki. A Madagaska, da aka kori limamai Faransawa a 1883, wata mace ce, Victoire Rasoamanarivo, ta tsaya ta hana ikilisiyoyi watsewa har suka dawo. Ba sai mun je nesa ba ma: a yankin Dolbel da ke yammacin Nijar, wani tsohon soja, Antoine Douramane, shi ya tara jama'ar farko kafin a turo musu limami.

Inda muke kuskure

Kuskuren farko namu ne, mu masu bi. A yawancin ikilisiyoyin da na zauna cikinsu, mun mayar da Fada komai da komai. Shi ne direba, shi ne ma'aji, shi ne mai neman tallafi wajen ƙungiyoyin waje, shi ne mai gyaran famfo, shi ne alƙalin rigimar miji da mata. Mutumin da ya yi shekara takwas ko fiye yana karatun falsafa da tauhidi sai ka same shi rabin yininsa yana cike takardun rahoto. Ranar da ka je da damuwar zuciya sai ka tarar ya gaji. Sannan mu koma gefe muna gunaguni wai Fada ba ya da lokacinmu.

Kuskure na biyu na wasu limaman ne, kuma gara a faɗa. Akwai wanda yake ganin duk mai tambayar lissafin baiko ɗan tawaye ne. Akwai wanda yake kafa kwamiti don a ce an kafa, ya zuba waɗanda ba za su taɓa ce masa a'a ba. Akwai wanda da zarar ya iso sai ya rushe duk abin da na gabansa ya gina, ko gaisawa da dattawan wurin bai gama ba. Paparoma Francis ya sha sukar wannan hali na ɗaukar limanci kamar sarauta. A wuri irin Agadez illarsa ta fi tsanani, domin ana sauya limamai bayan 'yan shekaru. Idan duk sani da duk makullai suna aljihun mutum ɗaya, ranar da aka ɗauke shi sai a koma farawa daga tushe.

Akwai kuma wani abu da ya keɓanta da garinmu. Jama'ar da ke cika coci ranar Lahadi a Agadez yawancinsu masu wucewa ne: ma'aikacin gwamnati ko soja da aka turo na ɗan lokaci, ɗan kasuwa daga Benin ko Togo ko Najeriya, da matafiya masu nufin Libiya ko waɗanda aka koro daga Aljeriya aka zubar a hamada kusa da Assamaka. Dokar hana safarar bakin haure ta 2015 ta rage zirga-zirga a fili, soke ta da aka yi a Nuwamba 2023 ya sake buɗe hanya. A Arlit, rufe kamfanin COMINAK a ƙarshen Maris 2021 ya kwashe iyalai da dama. Ikilisiyar da jama'arta ke sauyawa kamar kasuwar mako tana buƙatar ginshiƙai mazauna, waɗanda suka san gari, suka san mai unguwa, suka san wanda za a buga wa waya idan wani baƙo ya mutu ba dangi. Waɗannan ginshiƙan kuwa, in ka duba, galibi mata ne da 'yan tsofaffin da suka yi shekara talatin a nan. Su ne ba a cika tambayar ra'ayinsu ba.

Maganar kira

To daga ina limaman gobe za su fito? Daga gidajenmu, in za su fito. A nan ne muke yin fuska biyu. Muna roƙon Allah ya kira matasa, amma kowa yana fatan ɗan maƙwabci za a kira. A al'adarmu, ta Hausawa da ta Abzinawa da ta sauran ƙabilu, namijin da bai yi aure ba ana ganinsa bai cika mutum ba, uwa kuma tana son jika. Iyalin da suka sha wuya suka kai yaro har ya ci bakaloriya suna jiran ya fara kawo cefane. Ka ce musu zai tafi seminari a Wagadugu ko Kumi kusa da Bobo-Dioulasso, inda ɗaliban Nijar ke karatu tare da na Burkina Faso, ya yi shekaru, ya dawo ba mata ba albashin kirki. Wannan sadaukarwa ce ta gaske, bai kamata a yi wa iyaye wa'azi kamar abu ne mai sauƙi ba.

Ga kuma haɗari. A Janairu 2020 an sace ɗalibai huɗu daga babbar seminari ta Kaduna, aka kashe ɗaya, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga dayosis ta Sakkwato. Mu ma nan ba mu manta da 16 da 17 ga Janairu 2015 ba, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Uwar da ta ga wannan ta riƙe ɗanta, ba zan zarge ta ba.

Duk da haka kira yana fitowa inda ƙasa ta jiƙa. A ƙarshen 2023 aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na sabuwar dayosis ta Katsina, Bahaushe mai wa'azi da harshen da ya sha a nono. Irin wannan ba ya faɗowa daga sama. Yana fitowa ne daga al'ummar da ta yi shekaru tana da katikis, da zumuntar mata, da makaranta, da addu'a cikin harshen gida. Yaron da ya tashi yana ganin coci wurin da ake magana da Faransanci kawai, inda babansa ba ya da ta cewa, da wuya ya ji cewa gidan nasa ne har ya ba da ransa gare shi. Don haka ba wa masu bi aiki shi ne ma hanyar samun limamai.

A ɗaya gefen kuma a yi hattara. Inda talauci ya yi yawa, seminari na iya zama wata hanyar Libiya, wato tsani na fita waje. A Afirka yawan limamai na ƙaruwa, amma kuma limaman Afirka da yawa suna hidima a Faransa da Italiya da Amurka, alhali wurare irin namu suna fama. A 1957 Paparoma Pius na 12 ya roƙi dayosis na Turai su ba Afirka aron limamai. Yau ya kamata a juya roƙon zuwa ga Inugu da Kwatano da Wagadugu, inda seminari ke cika: kafin a tura goma Turai, a turo biyu Abzin. Wanda zai zo kuma ya zo da niyyar zama, ya koyi Hausa da Tamashek. Charles de Foucauld, wanda aka kashe a Tamanrasset a 1916, aka kuma sanya shi cikin tsarkaka a 2022, ya kwashe shekaru yana rubuta ƙamus na harshen Abzinawa. Wannan shi ne mizanin girmama mutanen da ka zo zama cikinsu.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san abin da wasu za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce idan aka sakar wa masu bi ragama, ikilisiya za ta rabu gida-gida: 'yan Benin da nasu, Inyamurai da nasu, 'yan ƙasa da nasu, mai kuɗi ya saye kwamiti. Na ga irin haka da idona. Za su ce kuma katikis da bai yi karatu sosai ba zai iya koyar da kuskure, ko ya furta wata kalma da za ta tayar da fitina a gari mai kusan kowa Musulmi. Wannan ma gaskiya ne, kuma a nan ne ake buƙatar Fada ƙwarai: shi baƙon kowa ne, don haka zai iya tsayawa tsakani, ya horar, ya gyara. Amma maganin katikis maras horo shi ne a horar da shi. Maganin kwamitin son kai shi ne zaɓe a fili, da wa'adi, da karanta lissafi a gaban jama'a. Ba a fasa shuka don tsoron tsuntsaye.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, kowace ikilisiya a jihar nan ta samu aƙalla mutum biyu mazauna gari, mace da namiji, waɗanda aka horar kuma bishop ya naɗa, masu iya jan sujadar Lahadi da jana'iza da shirya masu aure idan Fada ba ya nan. A ba su ɗan abin hannu na kowane wata daga aljihunmu. Katikis da yunwa ke ci zai tafi haƙar zinariya a Jado ko Cibarakaten, ba kuwa wanda zai ga laifinsa.

Na biyu, kwamitin kuɗi ya zama na gaske. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita sau biyu a shekara, a manna a bango. Wannan kariya ce ga Fada kansa, domin zargi ba ya samun wurin zama inda lissafi yake a fili.

Na uku, ayyukan makaranta da asibiti da taimakon matafiya, irin waɗanda CADEV, wato Caritas ta Nijar, ke gudanarwa, a bar wa ƙwararru su riƙe, Kirista ne ko Musulmi. Fada ya sa ido, ya koma ga aikin da babu mai yi sai shi.

Na huɗu, ga 'yan'uwa da ke Aljeriya da Libiya da Turai. Da yawanku kun kwana a harabar coci a Agadez ko Arlit, an ba ku ruwa da tabarma ba a tambaye ku takarda ba. Idan Allah ya buɗa, ku tuna. Kuɗin da mutum goma za su haɗa a wata zai iya riƙe katikis ɗaya ko ya biya wa ɗalibin seminari littattafai. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ga mai karatu Musulmi da ya biyo ni har nan yana tambayar ina ruwansa, amsar tana Cirozerin. Yaran da suka yi karatu a makarantar mishan ta can da matan da suka haihu a asibitinta kusan dukkansu Musulmi ne, kuma Musulmi suka ci gaba da zama. Idan wannan 'yar ƙaramar al'umma ta iya tsayawa da ƙafarta, maƙwabta ma za su ci moriya. Tambayar kanta kuma ba baƙuwa ba ce a gare ku: wane masallaci ne bai san muhawarar abin da yake na liman da abin da yake na kwamiti ba?

Makaniken da ya binne mahaifina ya tsufa yanzu, idonsa ba ya ganin rubutu sosai. Da na ziyarce shi bara na tambaye shi wa zai gaje shi, sai ya yi dariya ya ce ai ni ya kamata in ba shi amsa. Na fara zuwa ajin horon katikis tun daga lokacin. Ina ci gaba da addu'ar Allah ya ba mu limamai daga cikin 'ya'yanmu, har da nawa in shi aka kira. Allah ya ba mu zaman lafiya a Abzin da Nijar baki ɗaya.